Daga filin kokowa zuwa allon aji: yadda ya kamata a fara koyar da ƙididdiga a Damagaram

Duk shekara idan sanyi ya kankama aka buɗe gasar kokowa ta neman takobi, gardama ɗaya ce take cika fadojin Damagaram, daga Birni har Zango da Garin Malam: wanda ya ɗauki takobin bana, shi ne ya fi kowa iya kokowa, ko sa'a ce ta raka shi? Wannan ya ce ƙarfi ba ya ɓuya. Wancan ya ce Allah ne ya raba shi da manyan abokan karawa, da sun haɗu da tuni ya sha ƙasa. Na uku ya zano maka kaye-kayen shekara biyar da ka, wa ya kayar da wa, a wane gari, ba tare da ya duba takarda ba. Tambayar da samarin nan suke juyawa ita ce ainihin tambayar ilimin ƙididdiga: cikin abin da ido ya gani, wane ne tabbatacce da zai sake faruwa gobe, wane ne dace kawai?

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga masu wannan gardama ɗalibai ne, kuma idan gari ya waye suka shiga aji a Jami'ar André Salifou ko wata babbar makaranta ta cikin gari, darasin ƙididdiga na shekarar farko yana cikin waɗanda suka fi jin tsoro. Ɗalibin tattalin arziki, da na labarin ƙasa, da na nazarin zaman jama'a, da na kiwon lafiya, duk sai sun bi ta kansa. Ana cika allo da alamomi, ana buga misali da tulu mai ƙwallaye ja da baƙaƙe, ko da ƙwan lantarki na wata masana'anta da ba wanda ya taɓa gani. Ɗalibi ya haddace ƙa'ida, ya samu goma bisa ashirin, ya wuce, bayan wata uku ko sunan ƙa'idar bai riƙe ba. Laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne. An ba shi amsa ne tun bai yi tambaya ba. Ra'ayina shi ne a faro darasin daga inda tambayar take da rai, wato filin kokowa da filin ƙwallo, bisa sharaɗi biyu: ɗalibai su tattara alƙaluman da hannunsu, kuma kada darasin ya ƙare a filin wasa.

Ba mu muka fara wannan tunani ba. A Amurka, wani malamin ƙididdiga mai suna Jim Albert, na jami'ar Bowling Green da ke jihar Ohio, ya gina darasin shekarar farko gaba ɗayansa a kan wasan besbol, har ya rubuta littafi a kai a 2003. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka kuma ta fitar da shawarwari kan koyar da wannan darasi a 2005, ta sabunta su a 2016, kuma cikin manyan abubuwan da ta jaddada akwai amfani da alƙaluma na gaske waɗanda ɗalibi ya san daga ina suka fito da abin da ake nema da su. Besbol dai ba wanda ya san shi a nan. Dalilinsu za mu ɗauka, wasan kuwa muna da namu.

Gasar takobi kamar don malamin ƙididdiga aka tsara ta. An fara ta a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. A yau jihohi 8 ne suke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10, jimilla 80. Tambayar farko ga ɗalibi: idan kowace jiha za ta kara da kowace sau ɗaya, haɗuwa nawa ke nan? Zai fara lissafawa da yatsu, Damagaram da Maraɗi, Damagaram da Dosso, har ya gano da kansa cewa 8 sau 7 ne a raba biyu, wato 28. Idan kowace haɗuwa tana da karawa 10, an samu 280. Ga shi ya shiga babin haɗe-haɗe ba tare da an rubuta masa alama ko ɗaya ba, kuma idan aka rubuta alamar daga baya zai gane ta, don ya riga ya san abin da take taƙaitawa.

Sai babbar tambaya. Mai neman takobi dole ya ratsa kwanakin gasar bai sha kaye ba. Mu ɗauka karawa 7 ce a gabansa. Idan shi da kowane abokin karawarsa ƙarfinsu ɗaya ne, damar ya tsallake duka bakwai ita ce 1 cikin 128. Idan gwani ne wanda yake kayar da mutum 8 cikin kowane 10 da ya kama, damarsa ta tsallake bakwai a jere ba ta wuce 21 cikin 100 ba. Ko wanda yake cin 9 cikin 10, damarsa 48 ce cikin 100, ba ta ma kai rabi ba. A nan ɗalibai kan yi shiru, domin lissafin ya faɗi abin da ba su zata ba: ɗan kokowar da ya fi kowa a ƙasar nan, abin da ya fi yiwuwa shi ne ya faɗi kafin ƙarshe. Faɗuwarsa ba ta nuna ya lalace.

Akwai gwajin da ya kamata kowane malami ya yi a makon farko, kuma ba ya cin komai sai tsabar dala ashirin. A tayar da ɗalibai 80 tsaye, a haɗa su biyu-biyu, kowane biyu su jefa tsabar, ɗaya ya zaɓi gaba, ɗaya baya. Wanda ya faɗi ya zauna. Saura 40, a sake haɗawa. Saura 20, sai 10, sai 5, har ya rage mutum ɗaya tsaye a tsakiyar aji, ana yi masa tafi, wani daga baya yana yi masa kirari. Sai malam ya tambaye shi: mene ne sirrinka? Aji zai fashe da dariya, amma darasin ya shiga. Duk gasar da ake fitar da wanda ya faɗi, dole ta haifar da zakara, ko da babu gwaninta ko kaɗan a cikinta. Samun zakara shi kaɗai ba hujja ba ce.

To mece ce hujja? Maimaituwa. Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobi sau 6. Da a ce jefa tsaba ake yi tsakanin mutum 80, damar wani takamaiman mutum ya ci shekara biyu a jere 1 ce cikin 6,400, balle sau shida. Nan ɗalibi zai ga yadda ake yanke hukunci a wannan fanni: ka fara ɗauka cewa dace ne kawai, ka lissafa ko dace zai iya haifar da abin da ka gani, idan abin ya yi nisa da hankali sai ka ajiye wannan zato. Babin gwajin zato ke nan, wanda ake kayar da ɗalibai a kansa kowace shekara, alhali a fada suna yin irinsa da baki.

Daga nan hanya ta buɗe zuwa wani abu mai wuyar shiga kai. Sau da yawa wanda ya haskaka bana, baɗi sai ya faɗi da wuri, sai a shiga neman dalili: kuɗi sun lalata shi, aure ya rage masa ƙarfi, an karya masa asiri. Wataƙila wani abu cikin waɗannan ya faru. Amma ko ba abin da ya faru, lissafi yana sa ran haka. Wanda ya kai ƙololuwa a shekara ɗaya, gwaninta da sa'a ne suka haɗu masa. Gwanintar tana nan baɗi, sa'ar kuwa sabuwa za a raba. Francis Galton ya bayyana wannan a 1886 da ya auna tsawon iyaye da na ƴaƴansu a Ingila, ya ga ƴaƴan dogaye sosai sukan yi tsawo amma ba su cika kai iyayensu ba. Komawa wajen matsakaici ke nan. Wanda bai san shi ba zai yaba wa maganin da aka sha a ranar da ciwo ya fi tsanani, ko ya yaba wa sabon shugaban makaranta da aka kawo bayan shekarar da sakamako ya fi muni, alhali ko ba su sauƙi na tafe.

Wani ɗalibi zai ɗaga hannu ya ce, Mushe, ai komai ƙaddara ce, ina sa'a ta shigo? Tambaya ce mai kyau kuma ta cancanci amsa cikin girmamawa. Lissafin yiwuwa ba ya jayayya da ƙaddara. Iyakar saninmu yake aunawa, mu da ba mu san gaibu ba. Manomin da ya san ruwa na Allah ne, bai fasa duban gajimare kafin ya fitar da iri ba.

Yanzu sharaɗin farko. Alƙaluman ƙwallon Turai suna nan birjik a intanet, kowane bugu an rubuta shi. Na kokowarmu kuwa yawancinsu a kawunan mutane suke da muryoyin masu sharhi a rediyo. Wasu za su ga wannan a matsayin cikas. Ni a wurina nan ne darasin ya fi daraja. A tura ɗalibai filin kokowa na Langa-Langa lokacin da ake zaɓen waɗanda za su wakilci jiha, ko su zauna gaban talabijin a kwanakin gasa, kowa da takarda mai layuka: wa da wa suka kara, daga ina, minti nawa aka yi, da kaye aka ƙare ko da hukuncin alƙali. Tun ranar farko matsaloli za su taso. Ɗalibai biyu sun auna karawa ɗaya, wannan ya rubuta minti uku, wancan huɗu da rabi, domin ɗaya ya tsayar da agogo lokacin da alƙali ya raba su, ɗaya bai tsayar ba. Ɗan kokowa guda an rubuta shi da sunan yanka a wata takarda, da laƙabi a wata, ya zama mutum biyu. Dole aji ya zauna ya yarda a kan ma'anar kowane abu kafin a koma fili. Wanda ya sha wannan wahala sau ɗaya, duk ranar da aka miƙa masa tebur na alƙaluma a ofis, zai fara tambayar wa ya ƙirga, kuma yaya ya ƙirga.

Alƙaluman da suka tattaro su ne za su koyar da sauran babuka. A ce karawa bakwai sun ɗauki minti 1, 1, 2, 2, 3, 4 da 15. Matsakaicinsu minti 4 ne, amma biyar daga cikin bakwai ba su kai haka ba, karawa ɗaya da aka yi ta jan ƙafa ce ta ja lissafin sama. Adadin da ke tsakiyar jeri, wato 2, shi ya fi faɗin gaskiyar abin da ɗan kallo ya gani. Haka kuma, tun da a gasar takobi ba a raba ƴan kokowa bisa nauyi, ana iya tambaya: wanda ya fi nauyi ya fi yawan kayarwa? Kowa a fada yana da amsa. Ba wanda yake da tebur.

Ƙwallon ƙafa kuma ta ba mu wani misali da ban san wanda ya fi shi ba, kuma namu ne. A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, tana rukuni ɗaya da Masar mai riƙe da kofi, da Afirka ta Kudu, da Saliyo. Ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba 2011, Masar ta ci mu 3 da nema, Afirka ta Kudu kuma ta yi canjaras da Saliyo ba ci. Nijar da Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi da maki 9 kowace. Ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili, don sun ɗauka bambancin ƙwallaye za a duba: su sun ci 4 an ci su 2, mu mun ci 6 an ci mu 8. Amma dokar gasar ta ce a fara duba sakamakon wasannin da ƙasashen da suka yi kunnen doki suka buga tsakaninsu. A nan Nijar tana da maki 6, su biyun kowace 5. Haka Mena, ƙarƙashin Harouna Doula, ta je gasar a karon farko a tarihi. A ba ɗalibai sakamakon wasannin rukunin, a ce su jera ƙasashen. Za su fito da jeri daban-daban, kowa da hujjarsa, kuma ba wanda ya yi kuskuren lissafi. Ma'aunin da ka zaɓa shi ke fitar da na ɗaya. Duk wanda zai karanta rahoton da ke jera ƙasashe ko jihohi ko makarantu yana bukatar wannan a kansa.

Cikin labarin nan akwai wani darasi ɓoye. Wasanni 6 Mena ta buga: ta ci ukun da ta yi a Yamai, ta sha kashi a ukun da ta yi a waje. Wannan ya tabbatar da cewa gida yana da tasiri? A lissafa. Idan gida da waje duk ɗaya ne, nasarori uku za su iya faɗawa a kan kowane uku daga wasanni shida, kuma hanyoyin hakan 20 ne. Ɗaya ce tak a cikinsu ta dace da wasannin gida cif. Wato 1 cikin 20, ko 5 cikin 100, daidai kan iyakar da aka saba amfani da ita tun zamanin masanin ƙididdiga Ronald Fisher a shekarun 1920 wajen cewa sakamako ya wuce dace. Ɗalibi zai yi murna ya ce an tabbatar. Sai malam ya tambaye shi: me ya sa muka zaɓi wannan shekarar? Saboda mun riga mun ga abin mamakin da ke cikinta. Wanda ya duba shekaru ashirin ya tsinci guda mai ban mamaki, bai gano komai ba tukuna. Wannan kuskure ne da manyan masu bincike ma suke faɗawa ciki. Hujja mai ƙarfi a kan tasirin gida daga dubban wasanni take zuwa, kuma annobar korona ta ba da gwajin da ba wanda ya shirya: da aka koma buga ƙwallo a Turai a 2020 ba ƴan kallo, rinjayen masu masauki ya ragu a manyan gasanni da dama, abin da ya nuna ihun jama'a yana da nasa kaso.

Sauran misalan ƙwallo ba sa bukatar dogon bayani. A manyan gasanni ana cin kusan uku cikin kowane bugun fanareti huɗu. Ɗan wasan da wannan ne ainihin ƙarfinsa, idan ya buga biyar, damar ya ci duka 24 ce cikin 100, damar kuma ya ci biyu ko ƙasa da haka kusan 1 ce cikin 10. Bugu biyar ba su isa a ce wane gwani ne ko rago ba. Ƙungiyar da ta saba cin ƙwallo ɗaya da rabi a kowane wasa, ƙa'idar Poisson, wadda ake lissafa yiwuwar sau nawa abu zai faru da ita, ta nuna za ta tashi ba ci a wasanni kusan 22 cikin 100, ba tare da koci ya yi laifin komai ba.

Labarin Charles Reep kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Akanta ne a rundunar sojan saman Birtaniya, wanda a 1950 ya fara zama a filin wasa da fensir yana rubuta kowace miƙa ƙwallo. Bayan shekaru yana wannan aiki, ya gano cewa kusan 8 cikin 10 na ƙwallayen da ake ci suna zuwa ne bayan miƙawa uku ko ƙasa da haka. Sai ya yanke cewa yawan miƙe-miƙe ɓata lokaci ne, a doka ta gaba kawai, kuma wannan ra'ayi ya yi tasiri a ƙwallon Ingila shekaru da yawa. Abin da ya tsallake shi ne, a alƙalumansa shi kansa, sama da 9 cikin 10 na dukkan hare-hare gajeru ne irin waɗannan. Idan gajerun hare-hare su ne fiye da kashi 90 amma kashi 80 kawai na ƙwallaye suka samar, ai alƙaluman ba su goyi bayansa ba. Mutumin ya yi ƙirga da gaskiya da haƙuri, ya ɓata a wajen rabawa. Irin wannan ne mutum zai ce yawancin waɗanda suka rasu a asibiti an yi musu ƙarin ruwa, saboda haka ƙarin ruwa na kisa, ya manta da ɗimbin waɗanda aka yi wa suka tashi, ya kuma manta cewa wanda jikinsa ya yi tsanani ake yi wa. Magana irin wannan tana hana mutane kai marar lafiya asibiti da wuri, shi ya sa nake ganin wannan babi ya fi a ce darasin cin jarrabawa ne.

Ga kuma wani da ƙasarmu za ta iya koyarwa da kyau. Masu bincike sun daɗe da lura cewa a cikin ƙwararrun ƴan wasa na Turai da Kanada, waɗanda aka haifa a watannin farko na shekara sun fi yawa. Dalili shi ne ana raba yara rukuni-rukuni bisa shekarar haihuwa, ɗan Janairu ya girmi ɗan Disamba da kusan shekara guda, ya fi shi jiki, sai a zaɓe shi a ba shi horo. Idan ɗalibanmu suka tattara ranakun haihuwar ƴan wasan gida, ko ma na ƴan ajinsu, za su iya tarar da Janairu ta yi tsiri fiye da na Turai. Mai gaggawa zai ce ga shi an samu abu ɗaya a nan ma. Amma kowa a ajin ya san dalili: wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa takardar haihuwa ba, daga baya aka yi masa ta kotu, sau da yawa 1 ga Janairu ake rubuta masa. Zane iri ɗaya, sababi daban. Ba wata kwamfuta da za ta gano wannan, sai wanda ya san ƙasar.

Dole a faɗi haɗarin da ke cikin wannan hanya. Cacar ƙwallo ta shiga wayoyin samari, kuma akwai iyayen da za su ji an ce ana koyar da lissafin wasanni su ɗauka ana koya wa ƴaƴansu caca. Tsoronsu yana da tushe. Addini ya haramta ta, kuma malami bai kamata ya kauce wa maganar ba, ya kamata ya ɗora lissafin a kan allo. A ce kamfani ya sa ribar wasa ɗaya, wato sau nawa zai ninka kuɗin da ka zuba idan ka ci, haka: 2.0 idan masu gida suka ci, 3.2 canjaras, 3.6 idan baƙi suka ci. Ka juya kowace zuwa yiwuwa, wato ka raba 1 da ita, ka tara, za ka samu 109 cikin 100 maimakon 100. Wannan rarar ita ce rabon kamfani, an cire ta tun ba a busa usur ba: duk jika ɗaya da aka zuba, abin da ke komowa hannun masu zubawa a kan matsakaici bai wuce sefa 920 ba. Wanda ya haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, rarar tana ninkuwa sau goma, abin da ke komowa ya sauka zuwa wajen sefa 420. Ko da a ce kowane wasa cikin goman yana da tabbacin 70 cikin 100, damar su fito duka ba ta kai 3 cikin 100 ba. Saurayin da ya yi wannan lissafi da hannunsa ya daina ganin kansa a matsayin wanda ya kusa ci jiya.

Akwai kuma waɗanda wasa bai dame su ba, kuma da yawa daga ɗalibai mata ba su taso suna zuwa gidan kallo ko filin kokowa ba. Idan malami bai kula ba, aji zai koma fada, maza huɗu masu baki su mamaye shi, sauran su yi zugum. Wannan zalunci ne, kuma ya rusa dalilin da ya sa aka kawo wasan tun farko. Maganinsa shi ne a riƙa bayyana dokar wasa a taƙaice kafin kowane misali, a hana sanin sunayen ƴan wasa ya zama abin samun maki, a kuma bar kowane rukuni ya zaɓi abin da zai ƙirga a aikinsa na ƙarshen zango. Ita kanta wannan matsala darasi ce. A sa ɗalibai su binciki wasan da mutanen Damagaram suka fi so, rukuni ɗaya ya yi tambaya a ƙofar gidan kallo, ɗaya a kasuwar Dole ranar Alhamis, ɗaya ya bi gida-gida. Amsoshi uku za su sha bamban, kuma daga nan za a shiga babin zaɓen samfuri, wanda alƙaluman gasa ba sa iya koyarwa, tun da a gasa duk wasannin suna hannunka, ba ka zaɓi komai ba. Haka ma tsara gwaji, irin wanda ake yi a raba gona biyu a sa wa ɗaya taki: wasa ba ya ba da wannan, sai an fita an nemo shi.

Sharaɗi na biyu ke nan. Kowane babi da aka buɗe da wasa, a rufe shi da abin da ɗalibin zai tarar a wurin aiki. Bayan tsawon karawa, farashin tiyar hatsi a kasuwannin Mirya da Matamaye da Tanut, wata bayan wata, a ga yadda yake hawa idan damina ta kusa rumbuna sun yi ƙasa. Bayan bugun fanareti, ƙaramar cibiyar lafiya da ta karɓi haihuwa goma a wata, a tambaya ko alƙalumanta sun isa a kwatanta ta da babban asibiti. Bayan matsakaicin ƙwallaye, ruwan sama: Damagaram tana samun wajen milimita 400 a shekara a kan matsakaici, amma ba matsakaicin ke kashe gona ba, warwatsuwar ce, shekara irin 1973 ko 1984, ko kuma ruwan ya cika adadi amma ya ɗauke mako uku daidai lokacin da hatsi ke fitar da kai. Jihar da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan uku da rabi a cikinta, mafi yawan jama'a a ƙasar, tana bukatar ma'aikatan da suka san bambancin matsakaici da warwatsuwa. Jarrabawar ƙarshe ma a kan irin waɗannan ya kamata ta kasance. Idan ɗalibi ya iya lissafin a kan kokowa ya kasa a kan hatsi, darasin bai kai inda aka aike shi ba.

Game da kayan aiki, kada rashin ɗakin kwamfuta ko ɗaukewar wuta ya zama uzuri. Layi 280 ana iya ƙirga su da hannu a takarda mai murabba'ai, wayoyin da ke aljihun ɗalibai suna buɗe tebur na lissafi, manhajar ƙididdiga mai suna R kuma kyauta ce ga wanda ya samu kwamfuta. Abin da ya fi kayan aiki muhimmanci shi ne a ajiye abin da aka tattara. Idan ajin kowace shekara ya rubuta gasar takobi ta shekararsa bisa tsari ɗaya, ya miƙa wa na bayansa, cikin shekara biyar jami'a za ta mallaki karawa wajen 1,400 a rubuce. Da wannan za a iya duba ko jihar da ta karɓi baƙuncin gasa tana samun rinjaye, a wace shekara ta rayuwa ɗan kokowa ya fi kaifi, da kuma ko nauyi yana yin abin da ake cewa yana yi. Hukumar kokowa da masu horarwa da ƴan jarida duk za su amfana da kundin, kuma ɗaliban shekarar farko ne za su kasance sun rubuta shi.